In Ɗalibi Ya Nemi Hujja Ba Daga Littafi Ba

Akwai wata tambaya da ke yawo a makarantunmu na ƙasar Haɗejiya, tun daga Auyo har Guri da Birniwa, wadda ba ta cikin manhaja, ba ta kuma fitowa a jarrabawa, amma da wuya a sami malamin da ya daɗe yana riƙe da alli bai taɓa cin karo da ita ba. Yaro ya kan ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya aka yi muka san akwai Allah?" In malam ya jawo masa aya, sai yaron ya ce, ko kuwa ya faɗa a ransa, wanda shi ya fi yawa, "Ai Littafin ma sai an yarda da Wanda ya aiko shi tukuna." To, a nan ne magana ta kan ƙare, bulala ta tashi.

Mu da aikinmu ya ke zagaya makarantu da horad da malamai mun san abin da a ke yi wa irin wannan yaro. Waɗansu malaman su kan daka masa tsawa su ce ya yi istigfari. Waɗansu su kan kai shi ofishin hedimasta, a aika a kira ubansa. Mai sauƙin hali kuwa ya ce, "Ba a tambayar wannan," ya juya ga allo. A zamanin da, yaro ya kan haɗiye tambayarsa ya girma da ita, ko ta mutu ko ta yi barci. Yau akwai waya a aljihunsa. Kafin ya isa gida ya sami mutum goma a intanet waɗanda za su amsa masa da fara'a, ba tsawa ba bulala, kuma ba lalle ne amsarsu ta zama wadda iyayensa za su so ba. Abin da zai ɗauka shi ne malaminsa ba shi da amsa, shi ya sa ya yi fushi.

Mu Musulmi ne, mun yi imani da samuwar Allah, ba mu kuwa ɓoye wannan ga kowa. Ra'ayinmu dai shi ne tambayar yaron nan tana kan hanya, kuma wajibi ne malamin makaranta ya san yadda a ke amsa ta da hankali zalla, ba tare da ya buɗe littafi ba. Masu cewa irin wannan muhawara Turawa ne suka kawo mana ita tare da boko, su koma su duba buhun littattafan kakanninsu.

Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya rasu a 1490. Ɗan ƙaramin littafinsa na tauhidi, Ummul Barahina, wanda a ke kira Sugura, ya shiga zaurukan malaman ƙasar Hausa da Barno tun ƙarnuka da suka wuce, har yanzu kuwa akwai masu karanta shi. Mai karatu ya lura da inda Sanusi ya fara. Kafin ya ambaci siffa ko ɗaya ta Ubangiji, sai da ya raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, watau abin da hankali ba ya iya ƙaddara rashinsa, da mustahili, abin da hankali ba ya iya ƙaddara samuwarsa, da ja'izi, abin da samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Sa'an nan ya jero siffofi ashirin ɗin nan da tsofaffinmu suka haddace, samuwa da daɗewa da wanzuwa da saɓa wa fararru da sauransu, ya bi su da dalilan hankali. Me ya sa ya bi wannan hanya? Domin ya san abin da yaron nan ya hango. Gaskiyar Manzo tana tsayawa ne bayan an tabbatar da Wanda ya aiko shi, don haka ba a kafa samuwar Mai aike da maganar ɗan aike. Sanusi ma ya wuce nan, ya matsa ƙwarai a kan cewa baligi bai kamata ya tsaya ga koyi kawai ba, watau ya yarda don ya ji iyayensa sun yarda.

Fulani sun ɗauki wannan karatu da ƙarfi, har suka mai da shi harshensu suna koyad da shi da ka, a cikin abin da su ke kira Kabbe. A ƙarshen ƙarni na 17 wani malami a Bagarmi, Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, ya rubuta sharhin Sugura da Larabci bisa ga wannan karatu na Fulatanci. Ashe ke nan makiyayi a bakin rafi yana koyon yadda a ke kafa hujja a kan samuwar Allah tun fiye da shekara 200 kafin a buɗe elementare ta farko a Nijeriya ta Arewa.

To, mece ce hujjar? Bari mu kawo ta da abin da yaran Haɗejiya suka sani. Tambayi ɗalibi ina ruwan kogin nan ya fito. Zai ce daga Wudil. Na Wudil fa? Daga kogin Kano da na Calawa. Su kuma daga ruwan sama da ya zuba a duwatsun kudancin Kano, wajen Riruwai, da ƙasashen yamma da birni. Ruwan sama daga girgije, girgije daga tururin teku da iskar damina ta koro daga kudu. Kowane ɗaya daga cikinsu aro ya yi, babu mai ruwan kansa. Yaro mai kaifin basira zai ce, "Malam, ai tekun ma koguna ne ke zuba masa, abin zagaye ne." Madalla da wannan yaro, gama ya isa inda malaman kalami suka isa. Sun ce abin da ke dogara da wani, ɗayan biyu ne. Ko dai dogaron ya yi ta tafiya baya ba iyaka, wannan su ke kira tasalsuli, ko kuwa ya kewayo ya dawo inda ya taso, wannan su ke kira dauru. Suka ce duka biyun ba su biya bukata ba. Zagayen ruwa yana bayyana yadda ruwa ke tafiya daga wuri zuwa wuri, amma bai faɗi abin da ya sa aka sami ruwa da rana da teku tun farko ba, alhali kuwa hankali yana iya ƙaddara rashinsu duka.

Akawuna za su fi kowa saurin gane wannan. Takardar biyan kuɗi ta kan bi tebur bayan tebur, kowane akawu ya sa hannu bisa izinin na gaba da shi. A ce tebur ɗari ne, ko dubu, ko ma a ce ba su da iyaka. In babu baitulmali a ƙarshe, inda kuɗin ya ke kwance, ɗan kwangila ba zai karɓi ko kwabo ba, kome yawan sa hannun. Ga shi kuwa an biya, domin ga duniya nan muna gani. Wannan ita ce hanyar Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037: abin da samuwarsa aro ce, tilas ya ƙare ga wanda samuwarsa tasa ce. Daga nan ne kuma a ke amsa tambayar nan da ta fi firgita malamai, "To wa ya yi Allah?" Hujjar ba ta ce kowane abu sai da mai yinsa ba. Ta ce kowane fararre, watau wanda da babu shi sa'an nan ya samu, shi ne ke bukatar mai farad da shi. Mai tambayar wa ya ba baitulmali izinin biya bai fahimci abin da a ke nufi da baitulmali ba.

Amma fa kada malami ya ɗauka daga ya faɗi wannan an rufe magana. Ba a rufe ba, kuma gaskiya ce ta wajabta mu gaya wa ɗalibai haka. A cikin Musulmi kansu, Ibn Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya soki hanyar da malaman kalami ke bi wajen tabbatad da cewa duniya fararriya ce, ya ce ba ta gamsad da masana, ta kuma fi ƙarfin talakawa. Ibn Taimiyya ma ya soke ta daga wani ɓangare, yana ganin sanin Mahalicci dasasshe ne a halittar ɗan Adam. A Turai, David Hume, a littafinsa da aka buga a 1779 bayan rasuwarsa, ya tambaya: in an bayyana dalilin kowane abu ɗaya ɗaya, me ya sa za a nemi wani dalili dabam na taronsu? Kant na Jamus, a 1781, ya ce hankalin mutum ba ya iya tabbatad da abin da ya wuce iyakar gani da ji, ba ya kuma iya kore shi. A 1948 gidan rediyon BBC ya haɗa Bertrand Russell da wani limamin Katolika, Frederick Copleston. Copleston ya kawo kusan hujjar nan ta Ibn Sina, wadda ta isa ga Kirista ta hannun Thomas Aquinas. Russell ya amsa cewa a ganinsa duniya tana nan ne kawai, ba ta bukatar wani dalili. Suka tashi kowa yana kan bakansa, babu zagi, babu wanda aka kama.

Mu a namu gani amsar Russell ta gaza. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana neman dalilin kowane ƙaramin abu, in ya zo ga babban abu duka ya ce wannan kam ba shi da dalili, ya yi kama da ɗan fito da ya kai mutane tsakiyar kogi ya ajiye gora ya ce an iso. Amma wannan ganinmu ne, mun kuma san akwai masu hankali da ba su yarda da mu ba. Abin lura, muhawarar ba ta mutu ba. A 1979 wani Kirista Ba'amurke, William Lane Craig, ya farfaɗo da hujjar Imamu Gazali a kan farawar duniya, ya bar mata sunanta na Larabci, Kalam, da wannan suna kuwa a ke jayayya a kanta a jami'o'in Ingila da Amurka. Kayanmu ne su ke juyawa a can, mu kuwa a nan mun mai da shi abin tsoro.

Akwai wata hujja da malamanmu suka fi so, domin ta fi daɗin faɗi, watau hujjar tsari. Dubi tsuntsayen da ke tasowa daga Turai, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka a dausayin Baturiya lokacin ɗari, in zafi ya gabato su koma. Dubi shamuwa, ba ta da kalanda amma ba ta makara wa damina. Wa ya koya musu hanya? Hujja ce mai taɓa zuciya, mu ma tana taɓa mu. Sai dai malamin addini ya tuna cewa in an kaɗa ƙararrawa ya fita, malamin kimiyyar halittu zai shigo ajin nan, kuma a manhajarsa ta babbar sakandare akwai bayanin Darwin na 1859, wanda ya ce tsuntsun da ya ɓace hanya ya mutu, wanda ya gane ta ya hayayyafa, a haka gwanintar ta taru cikin dubban zuriya. Malaman nan biyu suna shan shayi tare a ɗakin malamai, ba su taɓa tattauna wannan ba. Kowa ya zuba nasa ya fita, aka bar yaro ɗan shekara 16 ya sasanta su shi kaɗai. Da sun zauna, da sun ga cewa bayanin yadda abu ke gudana bai amsa tambayar me ya sa akwai doka mai gudanad da shi ba, kuma tambayar nan ta biyu ba ta hana a binciki ta farko.

Yanzu mu zo ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, gama a ƙasar nan ba a yanke irin wannan magana ba tare da an ji ta bakinsa ba. A zamaninsa waɗansu ɗalibai sun sha karatun Sanusi har ya bugar da su. Suka riƙa tare talakawa suna yi musu tambayoyin kalami, wanda ya kasa kawo dalili yadda ya ke a littafi su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu ya tashi musu tsaye. Ɗansa Muhammadu Bello ya faɗa a cikin Infaƙul Maisuri cewa Shehu ya wallafa littafi fiye da 50 a kan wannan fitina, kuma Hisnul Afhami yana cikin littattafan da ya warware irin waɗannan ruɗe ruɗe. Matsayinsa shi ne imanin talaka ingantacce ne ko da bai iya jera dalili da lafazin malamai ba, kuma ba a bincike zukatan mutane. Bai ce a ƙone littattafan tauhidi ba. Ya hana a mai da su sanda ne.

Jama'a, ku duba yadda muka juya abin. Waɗancan sun tilasta hujja a kan wanda bai nema ba. Mu kuwa muna hana hujja ga wanda ya zo da ƙafarsa yana nema. Tsohuwar da ke shanya kifi a Guri, wadda zuciyarta ke kwance, babu mai ikon ya dame ta da dauru da tasalsuli. Jikanta da ke aji shida kuwa, wanda tambaya ta hana shi barci, hakkinsa ne a zauna da shi. Duka biyun daga tushe ɗaya suka fito, watau cewa zuciyar mutum ba ta shiga hannun wani da ƙarfi.

Za a ce mana, ai akwai hadisi da ya umurci wanda Shaiɗan ya kawo wa irin wannan tambaya ya nemi tsari ya daina. Haka ne, mun san shi. Amma malamin Malikiyya, Imamu Maziri, wanda ya rasu a 1141, ya raba abin gida biyu, Imamu Nawawi kuma ya ɗauko maganarsa a sharhin Muslim. Akwai tunani mai giftawa, wanda bai zauna ba, ba kuwa wata shubuha ce ta kawo shi ba; wannan kau da kai ne maganinsa. Akwai kuma wanda shubuha ta kawo har ya sami wurin zama. Wannan ba ya fita sai da dalili da nazari. Yaron da ya kwana uku yana karanta gardamar mulhidai a waya, nasa ya zauna. Imamu Gazali da kansa ya ba da labarin yadda ya yi kusan wata biyu cikin shakkar kome da kome. Da a ce a ajin ɗaya daga cikinmu ya yi wannan ciwo, da me za mu yi masa?

Tambaya mafi wuya ba ta fitowa daga littafin kowa, daga kogi ta ke fitowa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a ƙasar Haɗejiya, shinkafa ta nutse gab da girbi, gidajen ƙasa suna narkewa, mutane sun koma kwana a azuzuwan makarantunmu, ya san abin da mu ke nufi. In ruwa ya janye aka koma karatu, akwai yaron da zai tambaya, "In Allah Mai rahama ne, Mai iko kuma, don me ya bar ruwa ya ci gonar ubana, ya bar ta mai kuɗi da ke kan tudu?" Wannan tambaya ta girgiza Turai bayan girgizar ƙasar Lizbon ta 1755. Malamai sun amsa ta ta fuskoki da dama, da jarrabawa, da hikimar da ta ɓuya ga bawa, da sakamakon gobe. Mun yarda da waɗannan amsoshi, amma mai gaskiya ya san sun fi sauƙin faɗi ga wanda rumbunsa ke cike. A nan malami ya rage murya, ya yi ta'aziyya kafin ya yi darasi.

Akwai kuma rabon da ya ke namu, mu ma'aikata, a cikin shakkar yaron nan, kuma akawunan ƙananan hukumomi, waɗanda tsofaffi ke kira En'e har yanzu, su saurara. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992. Tun daga nan tafiyar kogin ta sake. Ruwan da a da ya kan zo da ƙarfi da damina ya share hanyarsa, ya ƙafe da rani, ya koma yana gudana kaɗan kaɗan duk shekara. Ciyawar kacala ta sami abin da ta ke so, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru, jan baki ya sami maɓoya. In ruwa mai yawa ya zo, bai sami hanya ba, sai ya nemi gari. Waɗannan duka aikin hannun mutane ne, kuma akwai ofisoshin da aka ɗora wa yashe kogi da gyaran jinga. Sa'ad da ma'aikaci ya tsaya gaban waɗanda ruwa ya cinye ya ce "ikon Allah ne" ya yi shiru, alhali ya san takardar gyaran jingar tana kwance a teburinsa tun bara, ya ɗauki laifinsa ne ya jingina wa Ubangijinsa. Yara suna ji, ba kuwa wawaye ba ne. In suka ga a kullum sunan Allah a ke yafawa a kan sakaci, wata rana za su tuhumi mayafin. Ba mu san wani littafin mulhidai da ya kai wannan ɓarna ba.

Mun ga inda rashin amsa ke kaiwa. A 2014 wani injiniya ɗan Kano, Mubarak Bala, ya gaya wa danginsa ba ya yarda da samuwar Allah, aka kai shi sashen masu taɓin hankali a wani asibiti a Kano, ya yi kwana 18. A watan Afrilu na 2020 aka kama shi a Kaduna sabo da abubuwan da ya rubuta a Facebook, waɗanda aka ɗauka ɓatanci ne ga addini. A watan Afrilu na 2022 babbar kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 bayan ya amsa laifi, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 5, aka sake shi a wannan shekara. Ba mu goyon bayan zagin abin da mutane ke girmamawa, daga bakin kowa ya fito. Amma a duba abin da ya faru a 2014, tun kafin maganar kotu. Mutum ya zo da da'awa ta hankali, aka amsa masa da gadon asibiti. Bai dawo ba, sunansa kuma ya kai inda da bai kai ba. Samari nawa suka karanta labarin suka ƙudurta cewa in suna da tambaya gara su yi shiru a gida su yi ta a waje?

Tilas ne malami ya iya rarrabe tambaya da zagi, ya kuma koya wa ɗalibansa rarrabewa. Mai tambaya yana neman dalili, mai zagi yana neman ya ƙona zuciyar wani. Na biyun ma akwai hukuma da kotu dominsa, ba taron ɗalibai ba. A watan Mayu na 2022 ɗalibai suka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato bisa zargin ɓatanci. Kwalejin horad da malamai ce, irin wadda mu ke aiki a ciki, waɗanda ke karatu a can kuwa su ne za a ba aji gobe. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tunani da addini. Ɗalibin da bai taɓa ganin malaminsa ya amsa gardama da hujja cikin natsuwa ba, ina zai koyi cewa ana iya yin haka?

Kada kuma a ɗora wa hankali abin da ba ya iya ɗauka. Ibn Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya ƙaga labarin Hayyu ɗan Yaƙzanu, yaron da barewa ta rena a tsibiri, bai ga mutum ba, bai ga littafi ba, ya kai ga sanin Mahalicci da nazarinsa. Labari ne mai kyau, an kuwa juya shi zuwa Latin a Ingila a 1671. Amma muna da misali na gaske kusa da gida. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya buga littafinsa a 1946, ya tarar sun yarda akwai Allah Mahalicci, sai dai suna ganin ya yi nisa, don haka iskoki su ke yi wa yanka. Yarda da Mahalicci ke nan ba ta gaya wa mutum yadda zai bauta masa. Hujjar baitulmali tana kai ɗalibi ga cewa akwai Wanda samuwarsa tasa ce. Ba ta gaya masa raka'a nawa ce Magariba, ba ta kuma raba gardama tsakanin Musulmi da Kirista, tun da su duka suna riƙe da ita. Wannan wani mataki ne dabam, da nasa dalilai, kuma malamin da ya haɗa matakan biyu a tsalle ɗaya zai faɗi a gaban aji.

Abin da mu ke roƙo ba shi da tsada. Kwalejin Ilmi ta Gumel da sashen ilmi na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su ware 'yan makonni ga kowane mai shirin zama malami, ko na lissafi ne ko na tarihi, a karanta masa hukuncin hankali guda uku daga Sugura, a karanta masa sukan Ibn Rushdi da na Hume ba tare da an rage musu ƙarfi ba, sa'an nan a sa shi ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya amsa. A gayyato malaman zaure na cikin garin Haɗejiya waɗanda suka karanci littafin a gaban malamansu, gama sun fi yawancinmu 'yan boko sanin wannan fanni, ba a dai taɓa tambayarsu ba ne. Hedimastoci kuma su sanar da malamansu a taron farkon zango cewa yaron da ya yi irin wannan tambaya cikin ladabi ba a dukansa, ba a kai sunansa ko'ina, ba a kuma faɗa wa sauran yara. A kira shi bayan an tashi, a ba shi kujera. In malamin ajin bai shirya ba, ya ce wa yaron ya dawo ranar Litinin, shi kuwa ya nemi malamin zaure kafin ranar.